Kiwon awaki: ka gama shawara kan ƙaho kafin ka kafa shinge

Idan kana da akuyar da ta saba da kai, wadda ba ta zabura in ka matso, ɗora tafin hannunka a gindin ƙahonta da rana tsaka. Za ka ji ɗumi kamar ka taɓa kunnenta. Ja hannun sama a hankali, ɗumin yana raguwa har ka iso tsini, inda babu komai sai tauri irin na farce. Wannan nake fara nuna wa duk wanda ya zo wurina yana son shiga kiwon awaki, domin yawancin asarar da na gani a shekarun da na yi ina kiwo, har da tawa, ta faro ne daga ɗaukar ƙaho tamkar busasshen itace da aka dasa a kan dabba.

Ƙaho yana da rai. A cikinsa akwai ƙashin da ya tsiro daga ƙoƙon kai, cike da jijiyoyin jini da na jin zafi, sai kube mai tauri ya lulluɓe shi, irin abin da ke yin kofato. Yayin da akuya ke girma, kogon da ke cikin goshinta, wanda ke haɗe da hanci, yana miƙewa ya shiga cikin wannan ƙashi. Shi ya sa in aka sare ƙahon babbar akuya daga gindi ake barin rami a kanta, har in ta yi numfashi ka ji iska na fita ta wurin. Mace da namiji duk suna da shi, kuma wanda ya fito tun ƙuruciya da shi za a mutu.

Da shi take sosa inda ƙafa ba ta kaiwa, da shi take tare kare, da shi kuma ake raba girma a garke. Biyu su miƙe kan ƙafafun baya, su sauko su gwabza kai, daga nan kowacce ta san matsayinta, faɗa ya lafa. Wani bincike da aka buga a 1966 ya nuna cewa in zafi ya tsananta jini na ƙara kwarara cikin ƙaho, jiki ya rage zafi ta nan. Ni dai nawa duk masu ƙaho ne, kuma da gangan na bar su. Ban ce kowa ya bi ni ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, irin akuyar da za ka saya, da makomar ƙahonta, da shingen da za ka kafa, da faɗin wurin cin abinci, duk a zama ɗaya ake yanke su, tun akuyar ba ta shigo gida ba.

Wace iri?

Awakin duniya sun haura biliyan 1, kuma asalinsu akuyar dawa ce mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu kamar takobi, wadda aka fara kiwonta a tsaunukan Zagros na Iran da gabashin Turkiyya ta yau, kimanin shekaru 10,000 da suka wuce. Daga nan kowace ƙasa ta riƙa zaɓen wadda ta dace da buƙatarta.

Mai neman madara, sunan Saanen zai fara ji. Fara ce sol, daga wani kwari a Suwizalan, kuma inda ake ciyar da ita sosai takan ba da lita 3 zuwa 4 a rana, amma fatarta ba ta jure ƙunar rana. ’Yar ƙasarsu Toggenburg ruwan ƙasa ce mai farin zane biyu a fuska, Alpine kuma daga tsaunukan Faransa take. Anglo-Nubian, mai zubabbun kunnuwa da hanci mai doro, a Ingila aka haɗa ta cikin ƙarni na 19, daga awakin can da bunsuran da aka kawo daga Indiya da Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka. Madararta ba ta kai ta Saanen yawa ba, sai dai ta fi maiƙo, ita kuma ta fi jure zafi. Akwai ta da kuka fa, mai maƙwabta kusa ya san da wannan.

Ta wajen nama, Boer ta Afirka ta Kudu ce ta yi suna: farin jiki, jan kai, faffaɗan ƙirji, bunsurunta kan haura kilo 100. Tun 1959 masu kiwonta suka kafa ƙungiyarsu a can. Kiko kuwa a Niyu Zilan aka samar da ita cikin shekarun 1980 daga awakin da suka koma daji, shi ya sa ta fi Boer jure tsutsar ciki da ciwon kofato. Angora, da ta ci sunan birnin Ankara, don gashinta ake kiwonta, ana yi mata aski sau biyu a shekara.

Sai ƙanana da matsakaita, waɗanda ba a cika yaɗa hotonsu ba alhali su ke riƙe da yawancin masu kiwo a duniya. Jar akuyar Sakkwato, wadda ake kuma kira ta Maraɗi, fatarta na cikin mafi daraja a wurin majema na duniya, kuma tagwaye ba baƙon abu ba ne gare ta. Baƙar akuyar Bengal ta Bangaladash ita ma ƙarama ce mai yawan haihuwa. Gajeruwar akuyar kurmin Afirka ta Yamma tana jure sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, kuma daga jininta Amurkawa suka fitar da ’yan ƙananan awakinsu, Pygmy da Nigerian Dwarf.

Hoton Boer a waya yana ruɗar mutane ƙwarai. A tuna, babbar akuya da cikinta take zuwa. Na taɓa sayen wata mai rabin jinin Saanen saboda girman hantsarta. Da zafi ya shigo sai ta wuni a inuwa tana haki, cinta ya ragu, madarar ta bi shi, alhali sauran ƙananan suna can suna kiwo ko a jikinsu. Shawarata ga mai farawa, ya sayi irin da ya ga tana haihuwa tana rayuwa a yanayin da yake, ya koyi kiwo a kanta shekara ɗaya ko biyu. In yana son ƙarin girma ko madara daga baya, bunsuru ɗaya mai kyau ya ishe shi gyara garke.

Ka lura da siffar ƙahon irin da ka zaɓa. Na Boer kauri gare shi, yana kwantawa baya kusa da wuya. Na Alpine da Saanen dogo ne mai tashi sama kafin ya karkata, shi ne gwanin maƙalewa a waya. Na bunsurun Angora yana murɗewa ya baje gefe, sai da ƙofa mai faɗi. Awakin madarar da kake gani a hotunan Amurka da kai sumul, yawancinsu ba haka aka haife su ba. Ƙone musu tsiron ƙahon aka yi tun suna jarirai, don a gasar nuna awakin madara a can ba a shigar da mai ƙaho.

Ranar saye

Buɗe bakinta don ka san shekarunta. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri. A ƙasa take da guda 8. Na yarinta ƙanana ne. Biyun tsakiya sukan faɗi manya su fito bayan ta cika shekara, biyu na gaba wajen shekara 2, haka har baki ya cika a wajen shekara 4. Kada ka yarda da ƙirgen zoben ƙaho, ciwo da yunwa da haihuwa duk suna barin zobe.

Ja fatar idonta ta ƙasa ka ga ja ce ko ta koɗe. Shafa ƙarƙashin kunne da muƙamuƙi da gaban kafaɗa. In ka ji ƙulli mai tauri ko tabon tsohon ƙurji, bar ta komai kyanta, domin akwai ƙurjin da in ya fashe a gidanka ƙwayar cutarsa takan daɗe a ƙasa da katako tana kama sauran. Kumburarriyar gwiwa ma haka. Matsa hantsa a hankali ka ji babu dunƙule, duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo, sannan a sake ta ta yi tafiya a gabanka. Araha ba ta ado, kuma akuyar da aka karya wa kuɗi ba dalili yawanci da dalilinta.

Kada ka sayi ɗaya tilo. Dabbar garke ce, in ta rasa ’yar’uwa kuka za ta yi ta yi tana neman hanyar fita. Duk sabuwar da ta zo kuma a ware ta kwana 30, da mazubin ruwanta daban, kafin ta haɗu da na gida.

Hanyoyi uku game da ƙaho

Ko ka nemi waɗanda aka haifa ba ƙaho, ko ka kashe tsiron tun suna jarirai, ko ka bar shi ka gina gida daidai da shi.

Ta farko ta fi jan sabon shiga, kuma akwai tarko a cikinta. Rashin ƙaho gado ne mai rinjaye: in ɗa ya gaji ƙwayar halittar daga uwa kaɗai ko uba kaɗai, zai fito ba ƙaho, lafiyarsa ƙalau. In ya gaje ta daga duka biyun ne ake samun matsala. Wadda ya kamata ta zama mace sai ta fito mata-maza, ba ta ɗaukar ciki har abada, wasu mazan ma ba sa ba da ciki. Masu bincike a Faransa suka gano gurbin wannan gado a 2001. Yi lissafin da kanka: bunsuru marar ƙaho da akuya marar ƙaho, kowanne ɗauke da ƙwaya ɗaya, ɗaya cikin ’ya’ya 4 zai gaji biyu, rabin waɗannan kuma mata ne, wato kusan ɗaya cikin 8 zai fito mata-maza. Don haka ko uwar ko uban, lalle ɗaya ya zama an haife shi da ƙaho. Wanda aka ƙone wa tsiro yana jariri mai ƙaho ne a jininsa, saboda haka in ka ga kai sumul ka tambaya: haihuwa ce ko wuta?

Ta biyu kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duba kan jariri ranar haihuwa. Mai ƙaho yana da ’yar murɗiyar gashi guda biyu inda ƙahonin za su fito, kuma in ka tura fatar wurin da yatsa ba ta zamewa. Namiji ana yi masa tsakanin kwana 3 da 5 don nasa ya fi saurin girma, mace kan kai kwana 7 zuwa 10. Ƙarfe ne mai bakin zobe ake zafafawa, a ɗora ’yan daƙiƙu kaɗan ya ƙone fatar da ke kewaye da tsiron. A faɗe abu ne mai sauƙi. Amma ƙoƙon kan ɗan akuya siriri ne, bai kai na ɗan maraƙi ba, kuma ƙwaƙwalwa tana nan dab a ƙasa. Ƙarfe ya daɗe, zafi ya kai gare ta, ɗan ya mutu ko ya nakasa. Ƙarfe bai ci sosai ba, wani gurgun ƙaho ya fito marar gindin kirki, yana lanƙwasa ya nufi ido ko ƙeya, yana karyewa yana jini iya rayuwar dabbar. Kowane ƙaho jijiyar jin zafi biyu ke zuwa masa, kuma allurar kashe zafi in ta yi yawa tana iya kashe jariri mai kilo 2 ko 3. A Birtaniya doka ta ce likitan dabbobi kaɗai zai yi wannan aiki. Ko babu irin wannan doka inda kake, ina roƙonka ka ɗauke ta taka.

Akwai man ƙuna da ake shafa wa ’yan maruƙa. Ban yarda da shi a kan awaki ba: ɗan akuya ba ya zama wuri ɗaya, zai goga shi a idonsa ko idon ɗan’uwansa ko hantsar uwar. Ɗaure gindin ƙahon babba da roba har ya faɗi azaba ce ta makonni. Sare shi kuma fiɗa ce sosai, jini mai yawa, ga ramin nan da na ambata wanda kan ɗauki fiye da wata bai rufe ba, ƙuda na neman wurin yin ƙwai. In kwanakin farko sun wuce, a bar mata ƙahonta.

Ta uku ita nake bi, kuma ban koye ta a banza ba. Shingen da na fara kafawa ragar waya ce mai ido santimita 15. Wata jar akuyata mai ciki ta hango ganye a waje ta tura kai. Shiga ba wuya, tunda ƙahon baya ya kwanta; fita ce ta gagara. Na dawo da azahar na same ta a rana, harshe waje, sauran sun ga ba ta iya ramawa suna ta tunkuyinta a haƙarƙari, ƙahon hagu ya tsage daga gindi, jini ya wanke mata rabin fuska. Na yanke wayar, na danne wurin da tsumma mai tsabta har jinin ya tsaya, na naɗe. Likita ya zo ya yi mata allurar tetanus, ya ba ni maganin korar ƙuda. Ta rayu, ta haifi ’ya’yanta, amma ƙahon a karkace ya ci gaba da girma. A makon nan na sauya ragar da mai ido santimita 10, wadda kan babba ba ya shiga. Wanda ba shi da halin sauyawa nan take, ya ɗaura ’yar sanda a gicciye kan ƙahonin mai wannan hali, ta fi idon ragar tsawo, har ya samu dama.

Mai ƙaho tana son fili. A wurin ci nakan ba kowace babba kusan rabin mita, kuma mazubai biyu nesa da juna sun fi ɗaya dogo, domin uwar garke ba ta iya tsare wuri biyu a lokaci guda. Kada ɗakin ya zama da lungun da za a ritsa ƙarama ta rasa mafita. Wani ɗan allo a tsakiya da za ta kewaya ta ɓace wa mai korarta yana kashe faɗa da yawa. Kada ka cunkushe masu ƙaho da marasa shi a ƙaramin ɗaki. Igiya ko abin wuya da aka bari a wuyan akuya cikin garke haɗari ne, ƙahon wata kan shiga ciki ya murɗe ya shaƙe ta.

Kada ka ja akuya ta ƙaho, tana jin ciwo kuma za ta tsani hannunka. Hannu ɗaya ƙarƙashin haɓa, ɗaya a gindin wutsiya, za ta tafi inda kake so. Wasan tura kan ɗan bunsuru da tafin hannu kuma a hana yara shi sam. Yau abin dariya ne, baɗi in ya kai kilo 40 ya riga ya koyi cewa mutum abokin karo ne, ga shi tsinin ƙaho daidai idon ƙaramin yaro yake. Tsinin da ya yi kaifi ana iya rage masa santimita 1 ko 2 a goge, can babu jini. Wanda ya lanƙwaso yana neman taɓa fata, a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan kafin ya huda.

Ɗaki da shinge

Akuya na jure zafi da sanyi fiye da yadda take jure laima. Rufin da ba ya yoyo, daɓen da ba ya riƙe ruwa, iska na shiga ta sama ba ta bugun su kai tsaye, da wajen murabba’in mita 2 ga kowace babba. Sa musu benci ko dakali, suna son kwana a bisa. In kana son sanin ko ɗakin na shan iska, durƙusa da sassafe ka kai hancinka daidai tsayin akuya. In zarni ya sa idonka hawaye, shi suke shaƙa duk dare, kuma daga nan ciwon huhu ke farawa.

Shinge kada ya gaza mita 1.2, kada a bar dutse ko ganga kusa da shi, sakata kuma ta zama a waje don suna koyon buɗewa da leɓe. Mai ɗaurewa a turke ya tabbatar akwai inuwa da ruwa iya tsawon igiyar, kuma akwai mai leƙawa. Akuyar ɗaure ba ta da wurin gudu in kare ya zo.

Ci da sha

Ana cewa akuya na cin komai. Ɗanɗana komai dai take yi, amma a wajen ci ta fi tunkiya da saniya tsantseni. Ita mai cin ganye ce daga sama, kuma abin da ta taka ko ta yi wa kashi ba ta komawa kansa. Rataye mata ganye, ɗaga mazubin harawa da busasshiyar ciyawa daga ƙasa, za ka rage asara ka kuma rage tsutsa. Kowace rana tana cin busasshen abinci kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta, wato mai kilo 30 na buƙatar wajen kilo 1.

Yawancin wannan ya zama ciyawa da ganye. Hatsi da dusa ƙari ne ga mai tsohon ciki da mai shayarwa da masu tasowa. Tumbinta cike yake da ƙananan halittu da ke narkar mata da abinci, kuma sukan ɗauki kwana 7 zuwa 10 kafin su saba da sabon abu, don haka kowane sauyi a yi shi da kaɗan-kaɗan. Akuyar da ta samu buhun hatsi a buɗe za ta ci har cikin ya yi tsami ya kumbura, tana iya mutuwa kafin kwana biyu. Rumbunka ya fi shingenka buƙatar makulli. Taure da bunsurun da ake ɗura wa dusa da hatsi ba ganye sukan yi tsakuwa a mafitsara; in ka ga yana yunƙuri fitsari na ɗiga, kira likita a ranar.

Gishirin lasa da aka haɗa don tumaki ba shi da isasshen sinadarin tagulla, domin yawansa na kashe tunkiya, akuya kuwa tana buƙatarsa. In baƙin gashi ya fara komawa ja-ja, gashin jelar ya rabu biyu, ka duba wannan. Ruwa mai tsabta kullum, don ta gwammace ƙishirwa da ruwan da kashi ya faɗa. A kiyaye su daga tohon dawa bayan yanka ko bayan fari, da ɗanyen ɓawon rogo, da furannin ado da ba ka sani ba. A tsince leda duk inda suke kiwo, in ta taru a tumbi ba ta narkewa.

Lafiya

Mai lafiya tana tuƙa, kunnuwa a tsaye ko a sake yadda irinta yake, kashinta ƙwaya-ƙwaya. Wadda ta ware kanta ta sunkuyar da kai ta daina tuƙa, auna zafinta. Digiri 39 ko kusa da haka daidai ne. Ya haura 40 zazzaɓi ne. Ya sauka ƙasa da 38 abin ya yi nisa.

Babbar mai kisa a ɓoye wata jar tsutsa ce mai shan jini a ciki, wadda macenta ke zuba dubban ƙwai a rana. Alamarta koɗewar fatar ido da kumburi ƙarƙashin muƙamuƙi. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro katin FAMACHA mai launi 5, daga ja zuwa fari, ana kara shi da fatar ido. Nakan duba nawa duk mako biyu lokacin damina, in ba masu koɗaɗɗen ido magani, in bar masu ja. Ɗura wa kowa magani duk wata shi ya sa tsutsar ta daina jin magunguna da dama a ƙasashe da yawa. Jikin akuya na sarrafa maganin tsutsa da sauri fiye da na tunkiya, saboda haka a tambayi likita adadin da ya dace da ita, a kuma auna nauyinta. ’Ya’yan tsutsar a ƙasan ciyawa suke taruwa, kada a bar awaki su cinye fili har ƙasa.

Inda annobar awaki da tumaki da ake kira PPR take, a Afirka da Gabas ta Tsakiya da Asiya, rigakafinta wajibi ne. A Kodebuwa aka fara bayyana ta a 1942. Zazzaɓi, majina, gyambon baki da zawo, kuma a garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba tana iya share mafi yawansa. Allura ɗaya na kare dabba aƙalla shekara 3, hukumomin duniya kuma sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da ita. A ƙara da rigakafin tetanus da na gubar hanji. Kofato a duba duk mako 6 zuwa 8, a yanke abin da ya naɗe, a tsaya da zarar an fara ganin ja-ja.

Barbara da haihuwa

Mace na neman bunsuru duk wajen kwana 21, na kwana ɗaya ko biyu: kaɗa wutsiya, kuka, rage ci. Kada a ba budurwa bunsuru sai ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta, in ba haka ba ta tsumbure. Bunsuru ɗaya ya ishi mata 25 zuwa 30, kuma a sauya shi kafin ’ya’yansa mata su isa barbara. Rubuta ranar, ka ƙirga kwana 150.

Makonni shida na ƙarshe ’ya’yan ke yin mafi yawan girmansu, a lokacin ake ƙara mata abinci mai kyau. In haihuwa ta matso hantsa kan cika ta yi sheƙi, gefen gindin wutsiya ya lotsa. Ƙafafun gaba biyu da hanci a kansu ake fara gani. In ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba ci gaba, a nemi taimako. Share wa jariri hanci, tsoma cibiyarsa cikin aidin, ka matse kan nonon ka tabbatar ya buɗe, ka tsaya har ka ga ya sha dakashi cikin sa’a ɗaya ko biyu, domin bayan kwana ɗaya hanjinsa ba ya ƙara ɗaukar garkuwar da ke ciki. Mabiyiya da kanta take faɗowa, kada a ja ta. In ta wuce sa’a 12 a kira likita.

A ranar nan ne kuma za ka shafa kansa ka nemi murɗiyar gashin nan biyu, ka rubuta a littafinka wane ne mai ƙaho, wane ne marar shi, don za ka buƙaci wannan ranar haɗa su barbara. Yaye a wata 2 zuwa 3. Mazan da ba za ka dandaƙe ba ka raba su da mata kafin su cika wata 3, domin ɗan bunsuru na iya yi wa uwarsa ko ’yar’uwarsa ciki tun ƙahonsa bai kai tsawon yatsa ba.